A Kashe Filashi a Daren Al'adu

Duk shekara idan mu ɗaliban Hausa muka shirya daren al'adu, akan kashe kuɗi wajen sutura da makaɗa da mai ɗaukar hoto, amma hotunan da ke fitowa ba sa kama da abin da idanunmu suka gani. Fuskar wanda ke gaba ta yi fari fat, idanunsa jajir, bayansa kuwa baƙi ƙirin, kai ka ce a cikin rijiya aka yi wasan. A nawa ganin laifin filashi ne, kuma ya kamata mu nemi masu ɗaukar mana hoto su kashe shi.

Hasken filashi ba ya tafiya da nisa. Idan tazara ta ninka biyu, hasken yakan koma kashi ɗaya cikin huɗu. Wato idan na mita 2 ya sami isasshen haske, na mita 4 rubu'i zai samu, na mita 8 kuwa kashi ɗaya cikin 16. Ga shi yana shafe hasken fitilar da aka kunna a dandamali da gangan, yana kuma ɗauke hankalin ɗan wasan da ke fama da haddar maganarsa.

To mece ce mafita? Kyamarar dijital tana da ma'aunin jin haske, wanda ake rubuta wa ISO a jikinta, yana tafiya 100, 200, 400, har sama. Duk ninki guda yana ba da damar ɗaukar hoto da rabin hasken da ake buƙata a baya. Alal misali, zauren da zai tilasta wa kyamara ƙiftawar 1/30 na daƙiƙa a kan 400, zai yarda da 1/250 a kan 3200. Ta farko dishi-dishi za ta mayar da 'yan koroso, ta biyu kuwa za ta tsayar da su cak a tsakiyar tsalle.

Na san abin da masu hoto za su ce: ƙara ISO yana sa hoto ya yi tsaki-tsaki kamar an watsa masa yashi. Haka ne, amma tsoron ya tsufa. Tun 2007 kamfanin Nikon ya fitar da D3 mai kaiwa 6400, ana iya tura ta har 25,600, a 2014 kuma Sony A7S ta kai 409,600. Sannan asalin tsakin ƙarancin haske ne. Wanda ya maƙale a 800 ya ɗauki hoto mai duhu, ya je kwamfuta ya haskaka shi, tsakin da ya guda yana nan yana jiransa. Tsaki kuwa ana rage shi, har manhajar Lightroom ta sami sabuwar hanyar share shi a 2023, amma hannun makaɗin da ya narke cikin dishi-dishi da wuya a dawo da shi.

Wanda kyamararsa ta kwana biyu ya nemi gilashin 50mm mai buɗewa har f/1.8, domin yana shigar da haske kusan ninki goma na f/5.6 da gilashin da ke zuwa da kyamara kan tsaya a kai idan an jawo hoto kusa.

Ban ce a jefar da filashi ba. Idan an tashi, malamai da ɗalibai sun jeru don hoton tarihi, a kunna shi, a harba hasken sama ya daki silin ya sauko a hankali. Kwamitin shirye-shirye dai ya faɗa wa mai hoto wannan sharaɗi tun ranar ciniki, kafin a ba shi kafin alƙalami.