Ku daina dafa batir da 7805: zare 🧵

1/ Jama'a, ina da magana da 'yan uwana masu haɗa waya a Katsina. Da an ɗauke wuta sai mu jawo batir mai 12V, mu liƙa reguleta 7805, mu jona MiFi ko waya, mu ce an gama. A ganina asara muke yi, kuma lissafi ne zai nuna.

2/ Me ya sa ake sauke wutar tun farko? Kayan USB 5V suke so. Batir mai 12V kuwa in ya cika yana kai 12.6V, in sola na cajinsa ya haura 14V. Ka jona kai tsaye, ƙauri kawai za ka ji.

3/ Ita 7805 tana ba da 5V ɗin, ba musu. Tambayar ita ce: ina sauran 7V ke zuwa? Zafi take mayar da shi. In na'urarka na jan 1A, wat 5 ne ke aiki, wat 7 na ƙonewa a banza. Fiye da rabin cajinka kenan.

4/ Ka tuna a ina muke. A watan Afrilu zafin Katsina na wuce digiri 40. Ba ƙarfen sanyaya a bayanta, 7805 za ta yi zafi har ta kashe kanta. Shi ya sa MiFi ɗinka ke mutuwa tana dawowa, kai kuma kana ta zagin netwok 😅

5/ Mafita: ƙaramin allon nan mai LM2596. Shi ba ya ƙona rarar. Kunna wutar yake yana kashewa, sau 150,000 a daƙiƙa, sannan nadin waya da kafasita su daidaita ta ta fito 5V. Kusan kashi 80 cikin 100 na isa ga na'urar.

6/ Mu gwada da batirin UPS mai 7Ah. Da 7805, batirin zai riƙa ba da 1A, a takarda awa 7. Da LM2596, kimanin 0.5A kawai zai bayar, awa 13 ko makamancin haka. Batir ɗaya, aiki ninki biyu. Kuma irin wannan batir ba ya son a zuƙe shi ƙarƙaf, saurin mutuwa yake.

7/ Amma ga inda na sha kashi. Ranar da na fara sayen allon, zumuɗi ya hana ni aunawa. Ashe dunƙulen saitinsa na sama, kusan 12V yake fitarwa. MiFi ɗin yayata ce, ana saura kwana biyu ta tura aikin makaranta. Da kuɗin aljihuna na biya, har yau tana min gori.

8/ Don haka: jona batir, ɗora mita a bakin fita, juya dunƙulen har ka ga 5V, sannan ka kawo na'ura. Sa fiyus kusa da jar wayar batir. Kuma ko an rubuta 3A a jikinsa, kar ka matsa masa, tsaya ƙasa da 2A.

9/ Wani zai ce, to 7805 ɗin ba ta da amfani? Tana da shi. Ƙaramin aiki mai jan 50mA, zafinta bai kai rabin wat ba, ga arha, ga wutarta ba hayaniya, abin da rediyo ke so. Laifinmu ne da muke ɗora mata kayan da ba nata ba, don ita muka fara koya a aji.

10/ Kafin ka sayi komai, duba bayan na'urarka: V nawa take so, A nawa take ja? In ba ka da mita, ka ara. Wanda ya taɓa ƙona wani abu ya faɗa mana a ƙasa, kar ya bar ni ni kaɗai 😂