Daular da Muka Kafa a Kan Tabarma



A hutun da ya wuce, da muka koma gida Mashi, mun tarar da sojojin roba a watse bayan randa, koraye ɗin nan da yara ke saya da kuɗin barka da Sallah. Sai muka tuna lokacin da muke kwaɓa yumɓu muna gina dawaki, mu jera su a zaure mu yi namu hawan irin na Sallar Gani a Daura. Da muka shiga sakandare aka ce mun girma, muka ji kunya muka daina. Yau mun gane asara muka yi.

A shekarar 1826, a Ingila, wani uba ya kawo wa ɗansa sojojin katako goma sha biyu. Yaron da 'yan uwansa mata suka sa musu sunaye, suka ƙirƙira musu ƙasashen da babu su a taswira, irin su Angria da Gondal, suna rubuta tarihinsu a 'yan mitsi-mitsin littattafai. A cikin yaran akwai Charlotte da Emily Bronte, waɗanda a 1847 suka fitar da Jane Eyre da Wuthering Heights, littattafan da har yau ake karantawa a makarantu.

Don haka muka tara yaran, muka ce za mu mayar da sojojin nan mayaƙan Hausa. Karon farko mun sha ƙasa: mun shafa fentin ruwa kai tsaye, washegari duk ya ɓare. Ashe roba tana da maiƙo. Sai an wanke ta da sabulu, ta bushe, a shafa mata farin gam na kafinta da aka tsinka da ruwa, sannan fenti ya kama.

Bindigar kuma muka yanke ta da reza, muka manna tsinken tsintsiya ya zama mashi. Reza aikin babba ce, kada a bar wa yaro. Zare da aka tsoma a gam shi ne rawani, kwali garkuwa, murfin kwalbar lemo kuma gindin da soja zai tsaya a kai. Dogarai muka yi musu ja da kore. Dawakin yumɓu muka shanya su a inuwa, don rana tana tsattsaga su, muka yi musu lifidi da tsumma. Da wani yaro ya tambayi amfanin lifidi, sai da muka je wajen Kaka. Shi ya bayyana mana cewa auduga ake cusawa a ɗinke, don ta tare kibiya daga jikin doki da mahayinsa, sulke kuma rigar ƙarfe ce. Tarihin da muke hamma a kansa a aji, ga shi mun bi shi da ƙafarmu.

Ƙasashe biyu muka kafa, Daular Gawasa da Daular Ɗinya, kowace da tutarta da sarkinta da taswirarta. Da gangan muka ƙi sa sunan wani gari ko wata ƙabila ta gaske, don kada wasa ya koma gori.

Ranar karawar farko, ƙaraminmu ya ga ana cin sojojinsa, ya hamɓare tabarmar ya fashe da kuka. Laifinmu ne, don ba mu kafa doka ba kafin mu fara. Muka zauna muka rubuta: dakaru su yi tafiyar taki ɗaya, doki taki biyu, idan an haɗu, kowa ya jefa ƙwayar ludo, mai babbar lamba ya ci, wanda aka ci fursuna ne, za a iya fansarsa, babu sa kuɗi. Muka naɗa yayarmu alƙaliya. Tun daga ranar ba a sake kuka ba.

Mun san wani zai ce, a jihar da mutane ke kwana da fargabar 'yan bindiga, ina amfanin wasan yaƙi? Tambaya ce mai nauyi. Marubucin nan H. G. Wells, wanda ya wallafa dokokin irin wannan wasa a littafinsa Little Wars a 1913, mai ƙin yaƙi ne, kuma a ganinsa wanda ya buga ƙaramin zai gane wautar babban. Mu ma mun gani. Yaron da ya kwashe kwana uku yana yi wa barde fenti ba ya son ya rasa shi. A mako na biyu, Gawasa da Ɗinya sulhu suka yi, suka buɗe kasuwa a kan iyaka, ba tare da mun sa baki ba.

Aikinku na wannan mako, bayan kun gama na makaranta: ku zana taswirar ƙasar da babu ita, ku sa mata suna, ku rubuta dokokinta guda biyar, ku aiko mana. Idan an ce kun girma, ku ce shi ya sa za ku fi iyawa.

Sai mako mai zuwa, in Allah ya kai mu.