Hanyar Gwanja Da Aikin Da Ke Jiran Ɗaliban Hausa

A hutun da ya wuce ina gida a Jiwa, sai wani abokina mai karatun tarihi ya nuna mini hotunan wata tsohuwar hanya ta ƙasar Italiya da ake kira Via Appia. Rumawa ne suka fara gina ta a shekara ta 312 kafin haihuwar Annabi Isa, daga birnin Rum zuwa Capua, daga baya aka kai ta Brindisi a bakin teku, tafiyar fiye da kilomita 500. Duwatsun da suka shimfiɗa suna nan har yau, kuma a 2024 hukumar UNESCO ta sa hanyar cikin jerin kayan tarihi na duniya. Da ya gama sai ya dube ni cikin zolaya ya ce, "To malamin Hausa, ku ina taku?"

Ban ba shi amsa ba a ranar. Sai bayan kwana biyu, a kasuwar Dei-Dei, na ji wani dattijo mai sayar da goro yana yabon hajarsa yana cewa ko a Gwanja sai haka. Matashin yau in ya ji Gwanja, mawaƙi Ado Gwanja ne zai faɗo masa a rai, alhali kuwa sunan ƙasa ne a arewacin Ghana ta yanzu, kuma can ne ƙarshen wata hanya da fataken Hausawa suka yi ɗaruruwan shekaru suna bi.

Kundin Tarihin Kano ya nuna cewa a zamanin Sarki Abdullahi Burja, cikin ƙarni na 15, aka buɗe hanya daga Barno zuwa Gwanja. A ƙarni na 19 ayari kan tashi daga Kano ko Katsina ko Sakkwato, ya ƙetare kogin Kwara ta wajen Yawuri ko Busa, ya ratsa Bargu ta Nikki da Djougou a Jamhuriyar Benin ta yau, har ya sauka a Salaga. Tafiya ce ta watanni. Ana kai kanwa da rinannun tufafi da fatu, a komo da goro. Goron ma ba a Gwanja ake noma shi ba, daga dazuzzukan Asante ake kawo shi kasuwar Salaga. Kada kuma mu ɓoye, har bayi an sayar a wannan kasuwa. Baturen nan Clapperton ya gamu da wani ayari a Kayama a 1826, ya ƙiyasta mutanensa da fiye da dubu, maza da mata, ban da dabbobi.

Yanzu mai karatu zai ce, to ina hanyar? Babu dutse ko ɗaya da aka shimfiɗa. Yaƙin basasar Salaga na 1892 ya watsa kasuwar, jirgin ƙasa ya isa Kano a 1911, goro ya koma bin teku zuwa Legas, ciyawa ta rufe sawun jakuna. Amma a nawa ra'ayin, abin da hanyar ta bari yana cikin harshe, kuma wannan fagenmu ne mu ɗaliban harshe.

Mu ɗauki kalmar zango, wato masaukin ayari. Yau akwai Sabon Zango a Accra, akwai unguwannin zango a Kumasi da Lome da Kwatano, kuma a 2017 Ghana ta yi dokar kafa asusu na musamman don raya irin waɗannan unguwanni. A gida muna da Zangon Kataf da Zangon Daura. Haka ma madugu, shugaban ayari wanda ke sasantawa da sarakuna kan kuɗin fito, da jagaba mai shige wa ayari gaba. Mutane da yawa sun san sarautar Jagaban Bargu ta Bola Tinubu, amma nawa ne suka san kalmar tana cikin tsarin ayari, kuma Bargu na kan wannan hanya? Ga ƙwarya, wadda a bakin mai goro take nufin goro ɗari. Ga huhu, ga waga. A Salaga kuma Alhaji Umaru, haifaffen Kano, ya zauna kafin ya koma Kete Krachi, inda ya rasu a 1934, kuma rubuce-rubucensa na ajami suna cikin abin da ake tinƙaho da shi a tarihin adabin Hausa.

Abin ya shafe ni kai tsaye. Ni ba Bahaushe ba ne, da Gbagyi aka raine ni, a kasuwa da makaranta na koyi Hausa. Hanyar Gwanja ba ta bi ta Jiwa ba, kuma na san sarakunan Zazzau da suka kafa Abuja, wato Suleja ta yau, a 1828 suna da babban rabo a yaɗuwar Hausa a yankinmu. Sai dai ta gabas da mu akwai wata hanyar fatake, daga Zariya zuwa Keffi da Nasarawa har Loko a bakin Binuwai. Ita C. H. Robinson ya bi a 1894 ya isa Kano, kafin ya wallafa ƙamusunsa na Hausa. Kakannin irina sun ji Hausa a bakin masu sauka da kaya, sun yi ciniki da ita tun kafin a buɗe makarantar boko.

Ga inda nake da ƙorafi. Kowace shekara 'yan ajin ƙarshe sai mu yi ta maimaita batutuwa iri ɗaya a kundin digiri, jigo da salo a littafin wane, ko bikin aure a garin kaza. Ba na raina su. Amma littafi zai jira mu, dattijon da ya ji labarin ayari daga bakin kakansa kuwa ba zai jira ba. A nan Abuja lamarin ya fi gaggawa, domin katafila na share tsofaffin unguwanni, sabon gini ya zo da sabon suna, tsohon ya ɓace.

Wani zai ce wannan aikin masana tarihi ne. Sun yi nasu, Paul Lovejoy ya wallafa littafi sukutum kan fataucin goro a 1980, amma da Ingilishi, kuma ciniki ya dame shi fiye da kalmomi. Tattara sunayen zanguna, da kalmomin fatauci, da kirarin madugai, da bambancin Hausar Kumasi da ta Kano, aikin mai nazarin harshe ne. Ba ya buƙatar fiye da wayar ɗaukar murya da kuɗin mota. Ni dai na riga na sanar da malamina cewa batun da zan rubuta kundina a kai ke nan, kuma ranar Asabar zan koma wurin dattijon nan na Dei-Dei.