Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Zuwa Ga Kwamishinan Muhalli Na Jihar Kano

Ranka ya daɗe,

Kogin Jakara na kwasar dagwalon cikin birni, rafin Getsi ya ƙaro masa na masana'antun Bompai, su gangara madatsar Wasai a Minjibir. Da ruwan nan ake ban-ruwan latas da alayyafon da ke shigowa kasuwanninmu.

Yashe magudanu duk damina ba ya tsarkake ruwa. Kano na buƙatar matatar ruwan ƙazanta, kuma a auna girmanta da yawan jama'ar shekara 30 masu zuwa, domin Kumbotso da Ungogo kullum cika suke yi. A keɓe filin matatar tun yanzu, kafin dillalai su yanka shi filoti-filoti. Kuɗin lantarki da gyaran injuna kuma a sa su cikin kasafin kowace shekara.

Naka,
Wani mazaunin Kano