Shekara 39 daga gansakuka zuwa maganin zuciya

Ranar 26 ga Yuni, 2003, ɗan wasan tsakiya na Kamaru, Marc-Vivien Foé, ya yanke jiki ya faɗi a filin ƙwallo na birnin Liyon a Faransa, ana tsaka da karawa da Kolombiya. Rai ya yi halinsa yana ɗan shekara 28. Binciken likitoci ya gano ciwon kaurin tsokar zuciya, ciwon gado da ake ƙiyasin yana tare da mutum ɗaya cikin 500, kuma yakan kayar da matashi majiyi ƙarfi ba sallama.

A wancan lokaci likita ba ya da maganin da ke taɓa tushen ciwon. Yau akwai shi, kuma babban kaso na wannan nasara aikin James Spudich ne, masanin ƙwayoyin halitta na Jami'ar Stanford a Amurka.

Spudich bai fara da neman magani ba. Tambayarsa guda ce: me ke motsa tsoka? Tun 1954 Hugh Huxley da Jean Hanson a gefe guda, Andrew Huxley da Rolf Niedergerke a ɗaya gefen, suka nuna cewa zaruruwan furotin iri biyu ne, aktin da mayosin, ke zamewa a kan juna idan tsoka ta tsuke. Mayosin yana kama aktin ya ja, ya saki, ya sake kamawa, kamar mai jan guga daga rijiya. Spudich ya yi aiki a ƙarƙashin Hugh Huxley a Ingila, ya koma gida da burin ganin wannan ja da idonsa.

A 1983 shi da Michael Sheetz suka shafa mayosin a jikin wasu ƙananan ƙwallayen roba, suka ɗora su a kan zaren aktin na wata gansakukar ruwa mai suna Nitella. Ƙwallayen suka kama tafiya. A 1994 ɗakin gwajinsa ya yi amfani da hasken leza ya auna takun ƙwayar mayosin guda ɗaya tal: kusan nanomita 11, alhali nanomita kashi ɗaya ne cikin biliyan na mita. Wanda ya leƙa ɗakin a lokacin zai iya cewa ɓarnar kuɗi ake yi.

Amma tun 1990 Christine da Jonathan Seidman na Harvard sun gano cewa tangarɗa a ƙwayar gadon mayosin na zuciya tana haifar da ciwon kaurin tsoka. Da ma'aunin da Spudich ya ƙera aka ƙara fahimtar abin da ke faruwa: mayosin ya wuce gona da iri wajen ja, zuciya tana matsawa fiye da kima har bangonta ya yi kauri. A 2012, shekarar da ya karɓi lambar yabo ta Lasker tare da Sheetz da Ronald Vale, Spudich ya haɗa kai da Seidman biyun da Leslie Leinwand suka kafa kamfanin MyoKardia. A Afrilun 2022 hukumar magunguna ta Amurka ta amince da mavacamten, ƙwayar maganin da kamfanin ya samar, wadda ke sassauta wa mayosin hannu.

Farashinta ya doshi dala 90,000 a shekara lokacin da ta shiga kasuwa. Wannan abin takaici ne, domin talakan Afirka ba zai ko ji ƙamshinta ba.

Abin da ya fi damunmu kuwa yana nan gida. Arewacin Najeriya na cikin wuraren da raunin tsokar zuciya bayan haihuwa ya fi yawa a duniya. Tun shekarun 1970 likitoci a Zariya suka alaƙanta shi da kunun kanwa da wankan jego. Daga baya binciken Farfesa Kamilu Karaye na Jami'ar Bayero ya nuna ƙarancin sinadarin seleniyam a jinin da yawa daga cikin masu jegon. A nan zuciya sanyi take yi, saboda haka mavacamten ba ta da abin yi. Yadda ƙwayar tsokar mai jego ke karyewa tambaya ce irin ta Spudich, kuma ba mu ga wanda zai amsa mana ita daga waje ba.

Jami'o'inmu kuwa suna auna malami da yawan takardun da ya wallafa kafin ƙarin girma, wanda hakan ke tura matasa ga bincike mai saurin nuna. Muna kira ga hukumar tallafa wa manyan makarantu ta TETFund ta ware tallafi na shekara goma ga ɗakunan gwajin ƙwayoyin halitta a Kano da Zariya, da na'urorin hangen ƙwayoyi da lantarkin da ba ya yankewa, a fara da zuciyar masu jego.