Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Zuwa Ga 'Yan'uwana Teloli Kan Batun Bashi



Gaisuwa da fatan alheri ga iyayen gidanmu a wannan sana'a, da matasan da suka buɗe shago kwanan nan, da mata masu ɗinki a cikin gida, da yaran da ke koyo. Allah Ya sanya albarka a keke da almakashi.

Dalilin wannan takarda shi ne bashi, maganar da kowa ke fama da ita amma ba a son tayar da ita a majalisa. Hausawa sun ce bashi hanji ne, yana cikin kowa. To amma na tela yana da nasa hali, domin galibi ba ya shigowa da sallama. Mutum ya kawo shadda yadi biyar ya ba da kafin alƙalami, ka zura a aljihu ka yi cefane. A ranka ba ka ci bashi ba, alhali daga wannan lokacin ana binka zare da gam da shafi da fetur da ladan mai surfani, ga kuɗin an riga an cinye. Sai ka jira wani ya kawo nasa, ka ƙarasa aikin na farko da kuɗin na biyu. A haka azumi zai riske ka, kaya sun taru har rufi, aljihu babu komai. Sunan da muka yi na saɓa alkawari daga nan ya fi samo asali.

Ban ce laifin namu ne mu kaɗai ba. Tun da aka cire tallafin mai a ranar 29 ga Mayun 2023, litar da ake saye ƙasa da naira 200 ta haura 500 cikin 'yan kwanaki, kafin ƙarshen 2024 ta wuce 1,000. Dalar da take wajen naira 460 a farashin gwamnati ta zarce 1,500 a farkon 2024, kuma zare da allura da maɓalli da kayan gyaran keke duk dala suke bi. Mai kawo ɗinki kuwa shi ma ta abinci yake yi: wanda ya saba ɗinka wa 'ya'yansa kala uku ya koma ɗaya. Tela nagari ma yana iya faɗawa bashi a irin wannan yanayi, kuma ba abin kunya ba ne. Abin da ke mayar da shi masifa shi ne ɓoyo: kashe waya, sauya layi, sa yaro ya ce Oga ba ya nan alhali ga takalminka a bakin ƙofa. Mai bin bashi yana iya haƙuri da jinkiri, amma da wuya ya haƙura da raini.

Saboda haka abu na farko shi ne rubutu. Aya mafi tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a Suratul Baƙara, kan rubuta bashi da kafa masa shaidu ta sauka, kuma ta hana a ƙosa da rubuta shi komai ƙanƙantarsa. Mu da muke rubuta awon kafaɗa da na hannu saboda ba mu yarda da ƙwaƙwalwa ba, me ya sa muke barin lissafin dubban nairori a ka? Ka sayi littafi daban da na awo. Ka rubuta sunan kowa, nawa yake binka, yaushe ka karɓa, yaushe ka yi alkawari, akwai ruwa a kai ko babu. Kada ka tsallake mai shayi, da mai cajin waya, da ƙanwar matarka. Kafin alƙalamin duk kayan da ba ka ɗinka ba shi ma ya shiga. A wani shafin ka rubuta waɗanda kai kake bi: masu ciko, da masu kayan da aka gama tun Sallar bara ba su zo sun karɓa ba. Jimillar za ta tayar maka da hankali a daren farko, amma bashin da ka san iyakarsa ya fi sauƙin ɗauka a kan wanda kake ƙiyastawa cikin dare.

Na biyu, ka jera basussukan bisa nauyi, domin ba wanda ya fi ɗaga murya ne ya fi cancantar a fara biya ba. Amana ce kan gaba: yadin mutane da kuɗin aikinsu. Telan da ya sayar da atamfar wata ko ya jinginar da ita ya fita daga babin bashi ya shiga na cin amana, wanda laifi ne a dokar Penal Code da ta shari'ar Musulunci. Sai haƙƙin yaran shago da mai guga da mai surfani, waɗanda guminsu ne kuma ba su da bakin yi maka magana. Sai duk bashin da ke haihuwa, wato mai ruwa, domin kowane mako da ya ƙara yana cinye abin da za ka ba wasu. Sai kuɗin haya, saboda tela babu shago aikinsa ya tsaya. Sai 'yan kasuwar da ke ba ka kaya. 'Yan'uwa da surukai su ne ƙarshe a jerin biya, amma su zama na farko da za ka yi wa bayani. Shirun da suke yi kara ce, kuma zumunci da yawa ya mutu a kan bashin da aka ɗauka an yafe alhali ba a yafe ba.

Na uku, ka gano abin da za ka iya biya da gaske. Wannan ba zai yiwu ba sai an raba kuɗin shago da na gida. Ka yanka wa kanka abin cefane na kullum, kamar yadda kake sallamar yaro, saura kuma na shago ne. Kafin alƙalami a sayi kayan aikin mai shi da shi a ranar, ko a ajiye shi a asusu daban. Ka yi mako 4 kana rubuta shiga da fita, abin da ya rage shi ne ƙarfinka na gaskiya.

Sannan ka gina tsarin biyan a kan kakar ɗinki. Ma'aikaci yana da ƙarshen wata, mu kuwa muna da azumi da Babbar Sallah da Mauludi da lokacin bukukuwa da komawar yara makaranta, a tsakaninsu kuma akwai watannin da keke ke yini a rufe. A ce ana binka naira 600,000: kayan mutane 90,000, yaran shago 40,000, manhajar rance ta waya 60,000, haya 150,000, mai kayan ɗinki 120,000, suruki 140,000. Idan za ka iya ware 10,000 duk mako, cikin mako 40 ka biya 400,000. Ka ƙara 100,000 bayan kowace Sallah, ka gama ke nan cikin ƙasa da shekara guda. Ka yi alkawari da ƙarfinka na watan da babu aiki, idan kaka ta zo ka ƙara. Wanda ya ce zai riƙa ba da 5,000 ya cika ya fi daraja a idon ɗan kasuwa a kan wanda ya rantse da 50,000 ya ɓace.

Na huɗu, ka je da ƙafarka. Kada ka aika, kada ka tura saƙon murya. Ka sami mai binka a shagonsa lokacin da babu jama'a, ka ce: "Ranka ya daɗe, na san kana bina kaza, ban manta ba, kuma ba ni da shi a dunƙule. Zan riƙa kawo kaza duk Juma'a, bayan Sallah in kawo kaza." Ka tafi da abin da ya samu a hannu, ko kaɗan ne. Neman rangwame ba roƙo ba ne. Bukhari da Muslim sun ruwaito cewa Ka'abu ɗan Malik ya bi Ibnu Abi Hadrad bashi a masallaci har muryoyinsu suka ɗaga, sai Manzon Allah (SAW) ya yi wa Ka'abu nuni ya yafe rabi, ya amince, shi kuma ɗayan aka umarce shi ya tashi ya biya sauran. A lura da ɓangarorin biyu: an sassauta, amma an biya nan take. Aya ta 280 a Baƙara ta yi umarni a saurara wa wanda ke cikin ƙunci, hadisi kuma ya kira jinkirin mai hali zalunci. Abin da kuka daidaita a kai a rubuta, mutum biyu su shaida, kowane biya kuma ya zama da shaidar banki ko sa hannu a littafi.

Na biyar, wanda shi ne ya fi muhimmanci a ganina: kada ka yi wannan tafiya kai kaɗai. Tsarin da mutum ya yi a ɓoye, a ɓoye yake karya shi. Ku haɗu ku biyar zuwa bakwai, teloli masu riƙon sirri, ku riƙa zama sau ɗaya a mako. Kowa ya zo da littafinsa ya faɗi abin da ya biya da abin da ya gagara. Sharaɗi biyu ne: abin da aka ji a zaman ba ya fita, kuma babu mai cin sabon bashi sai ya shawarci sauran. Sanin cewa ranar Juma'a Malam wane zai buɗe littafinka ya isa ya hana ka sayen sabuwar waya ranar Laraba.

Irin wannan zama yana da amfanin da ya wuce nasiha. Wanda aiki ya yi wa yawa a azumi ya miƙa wa wanda ba shi da shi, maimakon ya karɓi abin da ba zai gama ba. A haɗa kuɗi a saro zare da gam da shafi a Kantin Kwari ko babbar kasuwar garinku, a raba a farashin sari. Shaguna uku na iya amfani da janareta ɗaya. Idan mai bin bashi ya fusata, dattijo a cikinku ko shugaban ƙungiya ya raka ɗan'uwa, domin fuskar manya tana sayo lokacin da rantsuwa ba ta sayowa. A kuma buɗe ɗan asusun taimako da ake ba da rance babu ruwa, don gyaran keke ko rashin lafiya.

Adashe yana da kyau, amma a tuna cewa wanda ya yi kwasar farko bashi ya ci, zai yi ta zubi har ƙarshe. Mai bashi kada ya shiga adashe fiye da ɗaya. Idan an ba shi kwasar farko don a ceto shi, kada kuɗin su kwana a hannunsa: mutum biyu su raka shi a kai wa mai bin bashin a ranar. 'Yan'uwa mata, wannan ya fi shafarku, domin da yawa kuna zubi biyu ko uku, ga anko, ga gudummawar biki, ga rancen rukuni da ake biya duk mako. Babu laifi ki ce wa ƙawa bana ba ki da halin anko. Kuma ki sanar da maigida tun bashin yana ƙarami, kafin masu karɓa su yi sallama a ƙofar gida.

Akwai ƙofofin da nake roƙo a guje musu. Manhajojin rance na waya suna ba da kuɗi cikin minti kaɗan, da wa'adin mako ɗaya ko biyu da ruwa mai nauyi, wasunsu kuma sun yi ta aika wa mutanen da ke cikin wayar mai bashi saƙon tozarci. Abin ya kai hukumar kare masu saye ta FCCPC ta kai samame ofisoshin wasu a 2022, Google kuma ya hana irin waɗannan manhajoji shiga lambobi da hotunan waya a 2023. Wanda aka yi wa haka yana da damar kai ƙara hukumar, amma asalin kuɗin da ya karɓa yana nan a wuyansa. Rancen gwamnati ma rance ne: da yawa sun ɗauki kuɗin korona na bankin NIRSAL a matsayin kyauta, sai daga baya suka ga ana cira daga asusunsu, domin tun 2020 Babban Banki ya ba da damar bin mai bashi ta lambar BVN a duk bankin da yake ajiya. Caca ta waya da masu alkawarin ninka kuɗi kuwa, MMM a 2016 da CBEX a 2025 sun isa darasi. Idan ta kama a sayar da wani abu, a sayar da babbar waya ko abin da ba a aiki da shi, a bar keke, domin da shi za a biya.

Ku san haƙƙinku kuma. Dokar 'Yan Sanda ta 2020 ta hana kama mutum saboda bashi zalla ko saɓa yarjejeniya, wannan aikin kotu ne ko sulhu. Wanda bashi ya yi wa katutu ta hanyar halal yana cikin rukuni takwas da aya ta 60 a Suratut Tauba ta ba zakka, don haka zuwa wurin hukumar zakka, irin ta Kano ko Sakkwato, ko wurin mai hali a unguwa, neman haƙƙi ne. Idan kuma damuwa ta kai ɗan'uwa ba ya barci, ba ya cin abinci, ko yana maganar gara ya mutu ya huta, kada a tsaya ga ba shi haƙuri, a raka shi asibiti.

Iyayen gidanmu, ku koya wa yara lissafi kamar yadda kuke koya musu yanka. Yaron da aka yaye ya iya wuyan kaftani amma bai iya fitar da kuɗin zare da fetur da haya daga kuɗin ɗinki ba, an yaye shi ne zuwa bashi. Mu kuma tuna cewa an taɓa kawo gawa gaban Manzon Allah (SAW) ya dakata da yi mata sallah saboda bashi, sai da Abu Ƙatada ya ɗauki nauyin biya. Littafin nan da kake rubutawa, iyalinka su san inda yake.

Roƙona shi ne kada a jira bayan Sallah. A daren yau ka rubuta, gobe ka je wurin mutum ɗaya cikin masu binka, kafin Juma'a ka nemi abokan zama. Allah Ya biya wa kowa bashinsa, Ya rufa mana asiri duniya da lahira.

Wassalam.

Naku,
Ɗan'uwanku a sana'a.