Kyan Ɗan Maciji: Sautin Waƙoƙin Fim, Jiya da Yau

Akwai wata magana da ta zama ruwan dare a bakin masu shirya fina-finai da masu haɗa kiɗa, musamman matasa: wai sautin waƙoƙin fim na yau ya fi na jiya inganci, domin yana fita tas, babu shuu, babu ƙaraf-ƙaraf, babu muryar da ta kauce wa kiɗa. Idan aka yi musu gardama, sai su kunna waƙar wani tsohon fim ɗin Indiya, su biyo ta da ta bana, su ce kunne ya yi alƙalanci. Wannan hukunci gurgu ne, kuma ɓarnarsa ta wuce ta musun majalisa, domin a kansa ake gina waƙoƙin fina-finanmu na Hausa sama da shekara 20 ke nan. Abin da suke kira inganci tsabta ce kawai. Tsabta kuwa aikin na'ura ce, ana iya samun ta cikakkiya a waƙar da babu ɗigon rai a cikinta.

Adalci shi ne a fara ba su haƙƙinsu. Na'urorin yau sun fi na jiya nesa ba kusa ba. A zamanin majigi, sautin fim wani siririn zane ne da ake bugawa a gefen zaren hoton, haske ya ratsa shi, a juya hasken ya koma amo. Kunnen matashi mai lafiya yana jin sautin da ke girgiza har sau 20,000 a daƙiƙa ɗaya, amma ƙa'idar da masana'antar fim ta Amurka ta kafa a 1938 tana dushe duk abin da ya haura wajen 8,000, don a rage shuun da zaren yake yi. Ke nan ƙyallin sarewa da kaifin tsirkiya suna zubewa tun kafin su iso kunne. Faifan garmaho kuwa, mai juyi 78 a minti, abin da fuskarsa ɗaya take ɗauka bai wuce minti uku da 'yan kai ba. Sai a 1975 Indiya ta ga fim irin Sholay da sautinsa yake fitowa daga ɓangarori daban-daban na silima, sai kuma a 1982 faifan CD ya shigo kasuwa ya kori shuu gaba ɗaya. Duk wanda ya ce garmaho ya fi CD kama sauti, ƙaunar ƙuruciyarsa ce ke magana da bakinsa. Haka nan kada a manta cewa a zamanin da ma an yi tarkacen waƙoƙi masu yawa. Lokaci ne ya sheƙe su, ya bar mana tsaba.

To, tunda na'urar ta gaza haka, me ya sa waƙoƙin da aka ɗauka da ita suke kama zuciya har yau? Amsar tana cikin abin da aka ajiye a gaban na'urar. A Bombay ta shekarun 1950 da 1960, ranar ɗaukar waƙa rana ce ta taro. Makaɗa gommai suke haɗuwa a zaure ɗaya, irin na Mehboob ko Famous: masu goge irin na Turai sahu-sahu, masu tabla, masu sitar, masu sarewa, ga 'yan amshi, ga mawaƙi tsaye gaban makirufo. Makirufon ma 'yan ƙalilan ne, saboda haka mai ɗaukar sauti yana daidaita ƙarfin kowane kiɗa ne ta hanyar matso da wannan makaɗi kusa, ya tura wancan baya. Idan mutum ɗaya ya yi kuskure a ƙarshen waƙa, sai kowa ya koma farko. Wannan takura ita ta haifi abin da muke ji. Mai tabla yana sauraron numfashin Mohammed Rafi, Rafi yana jin inda masu goge suka ja, sai ya ja tare da su. Gudun waƙar yana ɗan ƙaruwa idan zuciya ta ɗauki zafi, ya lafa idan ta lafa. Sautin kowa yana dukan bango ya dawo ya cakuɗu da na ɗan'uwansa. Na'urar ba ta kama duka ba, amma ɗan abin da ta kama, mutane ne masu sauraron juna.

Fim ɗin Mughal-e-Azam na 1960 ya isa misali. Mai haɗa kiɗansa, Naushad, ya so amsa-kuwa a waƙar da ake rerawa a fadar madubai, alhali babu na'urar da za ta ba shi, sai ya sa Lata Mangeshkar ta rera a banɗakin sutudiyo, inda bango yake maido da murya. A wata waƙar ta fim ɗin kuma, 'yan amshi wajen 100 ya jera wa Rafi. Hujjar da ta fi waɗannan ƙarfi ta zo ne a 2004, lokacin da aka sake fito da fim ɗin cikin launi, da sauti irin na silimar zamani. An sake kaɗa kiɗan, kuma makaɗa masu rai aka tara suka kaɗa, Naushad da kansa yana sa ido. Muryoyin kuwa ba a sake su ba. An tsamo su daga tsohon ɗauka, aka wanke, aka ɗora a kan sabon kiɗan. Masu kuɗi da na'urorin ƙarni na 21 sun tsaya gaban muryar da aka ɗauka da kayan aikin shekarun 1950, suka tabbatar ba su da abin da zai maye gurbinta.

Yanzu a dubi yadda ake yin yawancin waƙoƙin fim a yau. Da farko an rushe taron. Mai kiɗa yana zaune shi kaɗai gaban kwamfuta, ya jera bugun ganga a kan ma'aunin da ba ya gaba ba ya baya ko da ƙiftawar ido, ya ɗora sauran sautuka ɗaya bayan ɗaya. Mawaƙi ya zo wata rana ya rera baiti-baiti, mawaƙiya ta zo wata ranar daban, ta amsa wa mutumin da ba ta gani ba. Bayan haka sai gyaran murya. Manhajar Auto-Tune, wadda kamfanin Antares ya fitar a 1997, tana jan kowace gaɓa ta dasa ta a kan matakin sauti mafi kusa. Idan aka tsananta ta, sai ta share lanƙwasar da ke tsakanin mataki da mataki, ita ce kuwa wurin da kuka da shauƙi da shagwaɓa suke zaune. Sannan a zo ga matse sauti: a ɗaga inda ya yi ƙasa, a danne inda ya yi sama, har raɗa da ihu su zama tsayi ɗaya, don waƙar ta fi ta maƙwabci ƙara a kasuwa da cikin mota. CD ya ba da fili mai faɗi tsakanin shiru da tsawa, masu haɗa sauti suka ɗauki filin suka cunkushe a lungu guda. Daga ƙarshe a mayar da waƙar MP3, wanda a ma'aunin da aka fi yayi yake riƙe kusan kashi ɗaya cikin 11 na abin da ke cikin CD, a tura ta daga waya zuwa waya, a saurare ta a lasifikar da ba ta kai ƙwayar gyaɗa ba. Wannan shi ne ingancin da ake yi mana alfahari da shi.

Maganar Indiya ba baƙuwa ba ce a ƙasar Hausa. Tun wajen shekarun 1960 silimun Kano suka riƙa cika idan an sa fim ɗin Indiya, kuma Mother India na 1957 ya daɗe yana jan jama'a. Makaɗanmu na lokacin sun ji waɗannan karuruwa suka mayar da su gida. Abdu Yaron Goge ya juya wasu daga cikinsu a kan gogensa, suka zauna daram. Da fim ɗin bidiyo na Hausa ya kankama, daga Turmin Danya na 1990, sai waƙa ta zama ginshiƙinsa. Sangaya na 1999 ya nuna wa kowa cewa waƙa ɗaya tana iya sayar da fim, kuma fiyanon Yamaha ne ya ɗauki nauyin kiɗan. A wannan shekarar Alhaji Mamman Shata ya rasu. Daga nan fiyano ya zama sarkin kiɗan fim, kwamfuta ta zo ta gaje shi. Mun ɗauki siffar waƙar fim ɗin Indiya, mace da namiji suna amsa wa juna, muka bar abin da ya ba ta nauyi, wato tarin makaɗan da ke bayanta.

Asarar da Bahaushe ya yi a nan tana da nauyi na musamman, saboda Hausa harshe ne mai karin sauti, kuma kayan kiɗanmu a kan harshen aka gina su. Kalangu yana magana ne domin makaɗi yana matse tsirkiyoyinsa a hammata, ya sassauta, fatar ta miƙe ko ta saki, amo ya hau ko ya sauka kamar yadda kalma take hawa da sauka. Bugun kalangun da aka naɗa aka adana a fiyano kuwa bugu ɗaya ne daskararre. A taɓa shi sau dubu, abu ɗaya zai faɗa. Ba ya kirari, ba ya habaici, ba ya kiran sunan kowa. Goge da kukuma suna zamewa tsakanin sauti da sauti kamar muryar mai kuka, madannan fiyano kuwa tsani ne, ba su san zamiya ba. A saurari Ɗan Maraya Jos da kuntiginsa mai tsirkiya ɗaya, ko Musa Ɗanƙwairo da 'yan amshinsa a kan kotso, a tsofaffin kasusuwan da suka sha rana da ƙura. Shuu yana nan, amma ana jin mutum yana tsaye a wani wuri, yana faɗa wa wasu mutane magana. A saurari waƙoƙin fim goma na yanzu a jere: sau da yawa da ƙyar za a bambance mawaƙiyar farko da ta biyar, domin manhaja ɗaya ta goge su ta bar su sumul. Kyan ɗan maciji ke nan.

Za a ce mini tara makaɗa tsada ne, kasuwar fim ɗin Hausa kuma ba ta da ƙarfin Bombay. Gaskiya ne kwamfuta ta buɗe ƙofa ga yaran da ba su gaji kiɗa ba, ba su da uban gida, kuma wannan alheri ne da ba za a raina ba. Sai dai babu wanda ya nemi makaɗa 100. Mai kalangu biyu, mai goge ɗaya, mai sarewa ɗaya da 'yan amshi uku ba su kai kuɗin hayar motocin alfarma da ake jerawa a fim ɗaya ba. Abin da ya hana kiran su ya fi kama da raini: an daɗe ana kallon makaɗin gargajiya a matsayin maroƙi, ana kallon mai fiyano a matsayin ɗan zamani. Za a kuma ce idan kiɗa ya canza, rawa ma sai ta canza. Haka ne, amma sai a tambaya wa ya canza kiɗan, kuma da me aka musanya shi.

Masu riƙe da na'urorin da suka fi namu ma ba su yarda na'ura ta wadatar ba. A. R. Rahman, wanda ya fito da Roja a 1992, ɗan kwamfuta ne na gaske, amma bai kori mai sarewa da masu goge daga sutudiyonsa na Chennai ba, kuma ya karɓi kyautar Oscar biyu a 2009. Da aka ba Ludwig Göransson aikin kiɗan Black Panther na 2018, sai ya tashi takanas ya tafi Senegal, ya bi Baaba Maal, ya ɗauki bugun tama, ɗan'uwan kalangunmu, daga hannun makaɗa masu rai, kiɗan kuma ya ci Oscar. Baƙo ya ƙetare teku neman gangar da ke magana, mu kuwa tana ƙofar gidanmu, mun bar ta sai ranar biki ko kamfen ɗin siyasa.

Abin da ake buƙata a bayyane yake. A shigo da makaɗan gargajiya sutudiyo, a biya su, a rubuta sunayensu a ƙarshen fim kamar yadda ake rubuta na jarumai. A bar mawaƙi da mawaƙiya su tsaya ɗaki ɗaya su rera waƙa daga farko har ƙarshe, ko da za a maimaita sau goma. A riƙe manhajar gyaran murya a matsayin magani, wanda ake sha idan ciwo ya kama, a daina yin tuwo da ita. A bar wa waƙa wurin yin ƙasa da murya, domin sai da shiru ake gane tsawa. Masu ba da kyaututtukan fim su ware lada ga ɗaukar sauti, jami'o'in da ke koyar da fim da wasan kwaikwayo su koyar da shi a matsayin fanni mai zaman kansa. Tsofaffin zarurrukan da ke ajiye a gidajen rediyo kuma a kwafe su da na'urar zamani tun kafin zafi da laima su cinye su, a kwafe su yadda suke, ba tare da an matse su ba.

Mutanen jiya sun sami na'ura gurguwa, suka ajiye mata gwanaye a gabanta. Mu mun sami na'urar da za ta iya kama motsin yatsa a kan fata da shigar iska cikin sarewa, wadda Naushad bai same ta ba lokacin da yake tura mawaƙiyarsa banɗaki. Makaɗan da suka iya sa kalangu ya yi magana suna tsufa, 'ya'yansu da yawa sun kama wasu sana'o'in, kuma duk wanda ya tafi ba a ɗauke shi ba, ya tafi da abin da babu kwamfutar da za ta dawo da shi. Idan muka bari haka ta faru alhali makirufo yana hannunmu, ba mu da bakin ɗora wa na'ura laifi.